Filin Likita: Ɗinkin batirin zuciya da tabon da yake bari

Wasiƙun wannan makon duka a kan abu guda suka zo, wato ciwon da ake bari a ƙirji bayan an saka wa mutum na'urar daidaita bugun zuciya, wadda mutane ke kira batirin zuciya, wasu kuma su ce pil. Kafin mu shiga amsa, bari mu faɗi abin da ke ƙarƙashin ɗinkin. Likita yana yanka fata kamar santimita 4 zuwa 6 a ƙasan ƙashin nan da ke kwance tsakanin wuya da kafaɗa, yawanci a hagu. Sai ya buɗe ɗan aljihu tsakanin kitse da tsoka, ya zaunar da na'urar a ciki. Nauyinta giram 20 zuwa 30 ne, sai dai irin mai ba zuciya shok na lantarki in bugunta ya rikice ta fi girma da nauyi. Daga jikinta waya ɗaya, biyu ko uku ke bi ta jijiyar jini har cikin zuciya. Ke nan ƙwayar cutar da ta shiga aljihun nan tana da hanya miƙaƙƙiya zuwa zuciya. Kusan duk abin da za mu ce a ƙasa daga nan ya taso.

Assalamu alaikum. An saka wa mahaifinmu batiri kwana 5 da suka wuce, shekarunsa 68. Ga zafin Afrilu, yana zufa har pansama ta jiƙe. Yaushe zai yi wanka? Kuma ƙanwarsa ta kawo zuma da man kaɗanya ta ce a shafa ya yi saurin kamewa. Daga wata ɗiya, Bukoki, Yamai.

Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Zumar Gwaggo a sa masa a kunu, man kaɗanyar kuma a shafa masa a ƙafa. Kan ɗinkin ba a sa komai: ba mai, ba gari, ba toka, ba man goge baki, ba hodar da ake fasa kafso a barbaɗa.

Bandejin da ya jiƙe da zufa ya daina aikinsa, don ƙwayar cuta a cikin danshi take tafiya. In ya jiƙe ko gefensa ya ɗaga, a sauya shi ran nan, kada a jira ranar da aka rubuta. In ba haka ba, kowane kwana 2 ko 3 ya isa, kuma gara ma'aikacin jinya ya yi. Ki tsaya a wurin ki duba: ya wanke hannu da sabulu ya sa safa, ya ɓare filasta a hankali yana danne fata da ɗaya hannun, ya goge da kompires mai tsabta da ruwan gishirin asibiti, daga kan ɗinkin zuwa waje, shafa ɗaya a jefar a ɗauki sabo, ya sa Betadine in likita ya rubuta, ya bari ta bushe kafin ya rufe. Auduga ba ta taɓa ɗinki kai tsaye, tana barin zare a ciki.

Wanka kuwa, daga ƙugu zuwa ƙasa ya zuba ruwansa yadda ya saba. Sama a goge masa da tsumma mai ɗan danshi, a kewaye bandejin. Haka za a yi har a cire zare, wanda yawanci kan faɗo tsakanin kwana 7 da 10. Akwai zaren da ke narkewa da kansa a ƙarƙashin fata, ku tambayi likita wane iri aka yi masa. Bayan an tabbatar bakin ya haɗe, ruwa da sabulu mara ƙamshi su gangara a kai, ba soso, ba dirza, a tsane da tawul na daban. Alwala ba ta shafi wurin ba, ya yi abinsa.

Da rana ya zauna inda iska ke shiga, da riga mai faɗi ta auduga. In zugi ya dame shi, farasetamol giram 1, kada ya wuce sau 3 a yini. A kiyayi ibuprofen da diklofenak da duk jajayen ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a tire, suna sa jini ya ƙi tsayawa a cikin aljihun.

Babana ya dawo gida Tawa bayan an yi masa aikin a Yamai, yau kwana 9. Wurin ya kumbura kamar ƙwan zabo, fatar ta yi duhu har gefen haƙarƙari. Yana shan Sintrom saboda bawul ɗin ƙarfe (ƙofar da jini ke bi) da aka sa masa a zuciya tun da. Wani majo ya ce a zuƙe jinin da sirinji, kawunmu kuma ya ce a kira wanzami ya yi sakiya. Wanne za mu bi? Daga wani ɗa, Sabon Gari, Tawa.

Malam, ko ɗaya. Da allura da sakiya da ƙaho da tsaga, duk hukuncinsu ɗaya a wannan wuri. Muna roƙonka ka karanta wa kawu wannan amsar da ladabi, amma kada ka sassauta.

Abin da ka siffanta ya fi kama da jini da ya tsiyaya ya taru a cikin aljihun, kuma an fi ganinsa ga masu shan maganin tsinka jini irin su Sintrom, warfarin, aspirin ko clopidogrel. Duhun da ya gangaro gefen haƙarƙari jinin ne ke bin ƙasan fata yana sauka saboda nauyi, shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Yawancin irin wannan kumburi jiki ne ke shanye shi da kansa cikin makonni. Matsalar allura biyu ce. Na farko, jinin ya riga ya daskare ya zama guda, sirinji ba ya jawo wani abin kirki. Na biyu, bakin allura yana tura ƙwayoyin cutar da ke zaune a kan fatar kowa zuwa cikin tafkin jini mai ɗumi wanda ƙarfe ke kwance a tsakiyarsa. Ko ba a huda ba, bincike ya nuna babban tarin jini a aljihu yana ninka haɗarin kamuwar na'urar fiye da sau 7 a cikin shekarar farko. Ina ga an buɗe masa ƙofa? Ga kuma wayoyi a naɗe a wurin, allura na iya yanka rigarsu.

Ga abin da za ka yi yau. Ɗauki biro ka zagaye iyakar kumburin a kan fata, nesa da ɗinkin. Ɗauki hoto da salula a hasken rana, ka aika wa likitan da ya yi aikin, sannan ka riƙa ɗauka kowace safiya daga wuri guda. A fata baƙa ja ba ya fitowa yadda littattafai ke nunawa, don haka kada ka tsaya neman ja. Sa bayan hannunka a wurin, sannan ka sa a ɗaya gefen ƙirjin, ka ji ko akwai bambancin zafi. Duba ko fatar ta ɗaure tana sheƙi. A gwada INR, wato gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke, a cikin kwana ɗaya ko biyu, don wataƙila jinin ya tsinke fiye da kima, a kai wa likita sakamakon ya gyara awon maganin.

Kada Baba ya daina Sintrom da ra'ayin kansa ko na wani a gida. Mai bawul na ƙarfe in ya bar maganin, gudan jini na iya kama bawul ɗin ko ya haura kai ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Kuma kada a ce za a musanya masa da allurar heparin, wadda ita ma ta tsinka jini ce, ba da umarnin likitan zuciya ba. Wani babban bincike da likitocin Kanada suka jagoranta, aka wallafa a 2013, ya gano cewa waɗanda aka tsayar wa warfarin aka sa su a kan heparin lokacin aikin, kashi 16 cikin 100 sun samu babban tarin jini, waɗanda suka ci gaba da maganinsu kuwa kashi 3.5 kawai.

Yaushe za ku kama hanya? In kumburin ya tsallake zanen biro, ko ya yi tauri kamar dutse, ko zugi na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ɗinkin ya fara buɗewa ko yoyo, ko masassara ta kai 38. Mun san Tawa zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 550 ce, ga kuɗin mota ga wahalar tsoho. Ku fara da babban asibitin jiha don a duba shi a kira likitansa, amma in har za a fitar da jinin, a ɗakin tiyata ake buɗewa a wanke a ɗaure jijiyar da ke tsiyaya, a hannun masu aikin na'urar.

Mahaifiyata ta yi wata 10 da batiri, lafiya lau. Ta rame sosai bana. Yanzu fatar wurin ta yi siriri ta manne, kuma jiya na hango wani abu fari-fari kamar ƙarfe a wani ɗan rami da bai fi ƙwayar dawa ba. Ba ta jin zafi. An ba ta antibiyotik na kwana 7 a asibitin unguwa aka ce zai rufe. Daga wata baiwar Allah, Madawa.

Hajiya, ba zai rufe ba, kuma rashin zafin kada ya yaudare ki. Duk na'urar da ta leƙo waje, ko da faɗin ƙwayar dawa ne, a wurin likitocin zuciya ta kamu da cuta. A rufe ramin da busasshen kompires, a kai Inna wurin likitan zuciya a cikin kwana ɗaya ko biyu.

Dalilin da magani kaɗai ba ya yi shi ne: ƙwayoyin cutar, galibi dangin stafilokok da ke zaune a fata, in suka samu ƙarfe ko roba sai su manne su lulluɓe kansu da wani yauƙi, irin santsin nan da ke kama cikin randa in an daɗe ba a wanke ta ba. Magani ta jini yake tafiya, ƙarfe kuma ba shi da jini. Sai antibiyotik ya kashe na gefe, wurin ya yi kamar ya lafa, bayan mako 3 ko wata 2 abin ya dawo, wataƙila a lokacin ya bi waya ya sauka kan bawul ɗin zuciya. Ɗinke ramin ma rufe tukunya ne da wuta a ciki.

Maganinsa cire komai, na'ura da wayoyi. Za a ɗebi jini a shuka a ga wace ƙwaya ce, a yi hoton zuciya, a ba da antibiyotik ta jijiya, kamar mako 2 in cutar a aljihu ta tsaya, mako 4 zuwa 6 in ta kai zuciya, sannan a saka sabuwa, yawanci a ɗaya gefen ƙirji. Ki faɗa wa likita sunan maganin da ta sha da ranar da ta fara, don yana iya ɓoye ƙwayar a gwajin. Akwai dalilin hanzari na biyu: wayar da ba ta cika shekara ba sau da yawa tana fitowa in an jawo ta a hankali, wadda ta daɗe kuwa nama kan kama ta a cikin jijiya, sai da kayan aiki na musamman.

Ga sauran masu karatu: ramar da ta cinye kitsen da ke rufe na'urar na cikin abubuwan da ke kawo wannan, haka ma gogar igiyar laya, hannun rigar mama ko jakar rataye a wuri guda kullum. Fata in ta fara sheƙi, ta yi duhu, ta daina zamewa a kan na'urar, lokacin zuwa asibiti ke nan, tun ba ta huje ba. Kuma a ƙasarmu duk masassara sunanta maleriya. Mai batiri in an gwada ba a ga maleriya ba, ko an sha magani zazzaɓin ya dawo da sanyi da zufar dare, ya ce wa likita da bakinsa: ina da na'ura a zuciya.

Mako 2 ke nan da aka yi mini. An ce kada in ɗaga hannu, shi ne na ɗaure shi a wuya da gyale. Yaya zan yi da salla, da daka, da goyon jikata? Daga wata kaka, Talaje, Yamai.

Kaka, kwance gyalen nan yau. Hannun da aka ɗaure makonni kafaɗarsa kan ƙage, kuma wannan ciwon ya fi na ɗinkin daɗewa. Abin da aka hana shi ne gwiwar hannu ta wuce kafaɗa, ko miƙa hannun baya da ƙarfi, ko ɗaukar abin da ya fi kilo 4 zuwa 5, na tsawon mako 4 zuwa 6 gwargwadon yadda likitanki ya ce. A wannan lokacin ne bakin wayar ke kafuwa a naman zuciya, ɗinkin ma bai yi ƙwari ba: a mako na 3 ƙarfinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 na lafiyayyar fata ba.

Kabbarar salla ba laifi, tafin hannu ne ke hawa, gwiwa tana ƙasa. Wajen tashi daga sujada ki dogara da ɗaya hannun, in da wuya ki yi a zaune. Ci da hannun, wanke fuska, tsince shinkafa, duk ki yi. Daka, jan guga, ɗora tulu a ka, shanya a doguwar igiya da goyo su jira, goyo ma har da dalilin ɗaurin zane da ke bi ta ƙirji. Wajen sa riga, hannun aikin ya fara shiga. Wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Kabu-kabu ma a ɗan haƙura. In kika ji jiri ko suma, ko shaƙuwa da ba ta tsayawa, ko tsoka na motsi daidai da bugun zuciya, ko hannun ya kumbura gaba ɗaya, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

Shekaruna 31, wata 4 da aikin. Tabon ya taso ya yi tudu, yana ƙaiƙayi da suka, na ga kamar yana faɗaɗa. Dama tun da aka huda mini kunne wani ƙullutu ya fito a wurin. Ƙawata ta ba ni man haske in shafa ya baje. Ni dai kunyarsa nake ji. Daga wata matashiya, Yantala, Yamai.

Ƙanwata, ajiye man nan. Yawancin mayukan haske suna ɗauke da kortizon mai ƙarfi, aikinsa sirantar da fata, ke kuwa fatar wurin ita ce murfin na'urarki. Ki sake karanta wasiƙar Madawa. Lemon tsami da kanwa da su man goge baki ma ƙona wurin za su yi, tabo kuma in an tsokane shi ƙara girma yake.

Tabo mai tudu iri biyu ne. Akwai wanda ke tasowa a makonnin farko, ya tsaya cikin iyakar yankan, ya yi ta kwanciya da kansa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Akwai kuma wanda likitoci ke kira kelowid, shi kuwa yana tsallake iyakar yankan ya hau lafiyayyar fata, yana iya fitowa ko bayan watanni, kuma ba ya komawa da kansa. Jiki ne ya ci gaba da saƙa naman gyara bayan ciwon ya rufe. Ya fi kama masu baƙar fata da matasa, yana bin dangi, kuma wuraren da ya fi so su ne kunne, kafaɗa da saman ƙirji, inda fata ke a ɗaure kullum. Da labarin kunnenki, muna zaton naki na biyun ne. Ki auna tsawo da faɗinsa da ma'auni, ki ɗauki hoto duk wata, shi zai raba gardama.

Abin da ya fi aminci a kan na'ura shi ne silikon, akwai na manne akwai na shafawa, a farmasi ake samu. Ana sa shi ne a kan tabon da ya rufe ruf, ba ɓawo ba ruwa. Na manne ki fara da awa 4 a yini, ki riƙa ƙarawa har ki kai awa 12 ko fiye, ki wanke shi da sabulu kullum ki bari ya bushe, ki dage aƙalla wata 3, wani lokaci har 6. A bazara zufa kan taru a ƙarƙashinsa ta kawo ƙurajen zafi. In haka ta faru ki huta kwana 2, ko ki koma na shafawa, siriri safe da yamma. Gaskiya silikon ya fi ƙarfi wajen rigakafi da rage ƙaiƙayi, ba ya narkar da kelowid da ya riga ya kafu.

Wanda ya kafu, allurar triamcinolone ake yi a cikin naman tabon kansa, kowane mako 4 zuwa 6, sau da dama. Tana tausasa shi ta kwantar da suka. Amma a wurinki akwai sharaɗi: likitan fata ne zai yi, bayan likitan zuciya ya amince, don allurar in ta nutse ta kai aljihu, kuma maganin kansa yana sirantar da fata yana barin fari-fari. Kada wani ya yi miki ita a gida ko a shago. Yanke shi kawai kuma ba mafita ba ne, sau da yawa dawowa yake fiye da na da. Ranar da za a sauya batirin, yawanci bayan shekara 7 zuwa 12, ta wannan tabon za a shiga. Ki tuna wa likita tun kafin a shiga tiyata, a shirya cire tudun tare da fara rigakafi da zarar ɗinkin ya rufe.

Kafin nan, ki rufe wurin daga rana don kada ya ƙara duhu, ki sa ɗan ƙyalle mai laushi ƙarƙashin hannun rigar mama. In ƙaiƙayi ya taso ki danna da tafin hannu ta kan riga, kada ki sosa. Kuma kada hannu ya saba da wasa da na'urar yana juya ta a cikin aljihu. Tana naɗe wayoyin kamar zare a jikin mazari har ta zaro su daga zuciya.

An ce mai ɗinki kada ya ci ƙwai da gyaɗa da nama, wai suna sa mugunya. Gaskiya ne? Kuma gefen tabon ya mutu, ba na jin taɓi. Daga wani malamin makaranta, Ƙonni.

Ba gaskiya ba ne, Malam. Ƙwayar cuta ke kawo mugunya, nama da ƙwai da wake da nono kuwa da su jiki ke gina sabuwar fata. Abin da ke hana ɗinki kamewa shi ne taba da shisha, da sukarin da ya hau ba a kula ba. Mai ciwon sukari ya riƙa gwadawa kullum a makonnin nan. Mai shan Sintrom ko warfarin kuma ya ci zogalensa daidai yadda ya saba, kada yau kwano cike gobe babu, don ganye yana taɓa ƙarfin maganin.

Mutuwar gefen tabo ƙananan jijiyoyin fata ne da wuƙa ta ratsa. Yawanci ji yana dawowa a hankali cikin watanni, wani lokaci da tsira-tsira kamar tafiyar kiyashi, wani ɗan wuri kuma yana iya zama haka. Tunda ba ka jin wurin sosai, ka riƙa duba shi a madubi, kuma salula ta bar aljihun gaban riga na wannan gefen ta koma na wando: tsakaninta da na'urar a bar aƙalla santimita 15.